Cingam ɗin daina sigari: sau biyu na saya, na farko kuɗina kawai na tauna

Shekara 22 ina shan sigari, yau wata bakwai da 'yan kwanaki rabona da ita in ka cire kara ɗaya da rabi da zan ba da labarinsu a gaba, dan haka ina ganin na isa in yi magana akan cingam ɗin nan na nikotin da kuma shagon maganin da na saye shi a cikin Kano. Ba zan kama sunan shagon ba, ba kuma zan kama sunan kamfanin ba kar ace biyana akayi, ni manomin rani ne a wani ƙauye ta wajen Garun Malam, tumatir da albasa sai ɗan alkama in an sako ruwa da wuri, babu wanda ya san da zamana balle ya bani talla.

Ina ɗan shekara 19 na fara, a wajen gadin injin ban ruwa. Duk wanda ya taɓa kwana a gona cikin hunturu ya san abin da nake nufi, sanyin nan na ƙarfe ukun dare mai shiga har ɓargo, ga sauro ga kukan inji ba wanda zaka yi hira da shi, sai yayan wani abokina ya miƙo min yace zuƙi ka ji ɗumi. Ƙarya ne ba ɗumin da take kawowa, daga baya ma naji cewa nikotin matse jijiyoyin jini yake shi yasa yatsun mashayi suka fi saurin ɗaukar sanyi, amma a daren nan wallahi ji nayi kamar an lulluɓa min bargo. Daga kara ɗaya da daddare aka koma biyar, a 2016 shekarar da tsutsar sharon ta cinye mana tumatir tas sai da na kai kwali guda a rana, bayan nan na zauna a kara 15 zuwa 18.

Sayen farko ba da ƙafata naje ba amma kuɗina ne. Bara waccan tari ya saka ni a gaba, irin wanda ni ba barci uwargida ba barci, ta kai ƙarata wajen Inna, Inna ta kira ƙanina da yake aikin asibiti a birni tace ya nemo wa yayansa maganin wannan tsiyar. Ya zo da kwali ranar Juma'a, na biya shi dan kunyar Inna nace in sha Allahu. A raina kuwa ko alama babu niyyar dainawa, so nake dai a daina min magana. Na ɓare ɗaya na jefa baki na dinga cakul cakul kamar cingam ɗin yara, kafin minti biyar shaƙuwa ta kama ni, maƙogwaro kamar na haɗiyi barkono, ga tashin zuciya, na tofar nace wannan ai guba ce. Sannan na kunna sigari wai dan in wartsake. Ragowar kwalin a teburin mai shayi ya ƙare, muna bawa mutane muna dariyar yadda suke shaƙuwa, Allah ya yafe mana, yanzu in na tuna kuɗin sai inji kamar in mari kaina.

Sai bayan kusan shekara na shiga Kano sayen iri da kayan gyaran inji, na tsaya a wani famasi zan sai wa Inna maganin hawan jini. A bayan kanta na hango irin kwalin nan, kawai bakina ya suɓuce nace da matar da take wajen, wata 'yar dattijuwa mai farin gilashi da yaran shagon suke ce wa Hajiya, nace Hajiya wannan abin naku fa ba ya aiki, na gwada. Ban zaci zata kula ni ba dan akwai layi. Sai tace Malam yaya ka tauna shi? Na kwatanta mata, tayi dariya har sai da ta cire gilashin. Tace in ka tashi da asuba yaushe kake kunna ta farko, nace ina sallame sallah, wani lokacin ma kafin. Tace kara nawa a rana, na faɗa mata amma na sace uku a lissafin. Sai tace to daga 1 zuwa 10, in 10 shine yau ɗin nan kake so ka rabu da ita, 1 kuma ko a mafarki baka so, kana ina? Nace 4.

Na gyara tsayuwa ina jiran wa'azi, dan duk wanda ya taɓa yi min maganar sigari wa'azi yake, sai naji tace me yasa baka ce 2 ba?

Kun ga tarkon ko. Da tace me yasa baka ce 9 ba da na zayyano mata uzuri ɗari, amma da ta tambaya ta ƙasa sai gani da bakina ina lissafo dalilan da suka sa ya kamata in daina, tari ne, kuɗi ne, yarana ne, numfashi ne in na ɗaga kwando, ita kuma tana gyaɗa kai kawai kamar ba ita ta jawo ba. Da na gama ta yago bayan wata takardar rasit ta ja layi biyu suka gitta juna, gida huɗu kenan, ta rubuta a saman kowanne: daɗin sha, cutar sha, daɗin dainawa, wahalar dainawa. Tace kuɗinka ne Malam bazan hana ka ba, amma shawarata kar ka saya yau, wanda yake 4 in ya sayi wannan asara zai yi. Ka je ka cike gidajen nan, kuma gidan daɗin shan nan kar ka ji kunya ka rubuta gaskiya, dan daɗin da ka ɓoye shi zai dawo da kai.

Mai shago ta ga mai saye da kuɗi a aljihu tace kar ya saya. Ni dai tunda nake shiga kasuwa ban taɓa gani ba, kuma wannan kaɗai ya isa in yaba wajen.

Takardar tayi wata biyu a aljihuna. Gidan daɗi ne ya fara cika kuma ni kaina sai da na tsorata da yawansa. Tana taya ni gadi da daddare. Tana kashe min yunwa in aiki ya hana ni komawa gida. In raina ya ɓaci, ace dillali ya cuce ni ko inji ya ƙi tashi, kafin in zagi wani sai in koma gefe in busa, minti biyar na huce. Bayan tuwo, bayan shayi. Sai babban cikinsu wanda na daɗe ban yarda na rubuta ba, abokai, dan duk majalisar da nake zama ta mashaya ce, bani ashana, rage min rabi, da haka ake zumunci, wanda baya sha a cikinmu kamar baƙo yake. Gidan cuta kuwa abu uku na rubuta na tsaya: kansa, ciwon zuciya, mutuwa da wuri. Manya manyan abubuwa ne, kowanne ɗaya ya fi duk na wancan gidan nauyi, to amma me yasa basa tsorata ni?

Wata rana ina zaune bakin fangali ina jiran ruwa ya cika na gane. Daɗin sigari kuɗi hannu ne, cutarta kuma bashin kaka ne. Manomi ya san bashin kaka, ka karɓa da murna cikin damina kana ganin kakar ba zata zo ba. Na san hukumar lafiya ta duniya tace taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 duk shekara, kuma tana iya kashe har rabin masu shanta da basu daina ba, na ji a rediyo duk 31 ga Mayu ana maimaitawa, ga gargaɗin ma'aikatar lafiya da muka haddace tun muna yara, amma duk wannan na gobe ne, ita kuwa ƙawar sigari ta yanzu ce kuma mai tebur yana nan taku ashirin. Ga wani abin kuma, tun 2021 aka fara saka hotunan cuta a jikin kwali dan a tsorata mutane, to wa yake ganin kwalin? Mu kara kara muke saya. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da kara kara ta kuma hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, amma ka zo garinmu ka gani, yara ake aika ma, nima na aika Allah ya yafe min. Kuma sayen kara karan nan shi yake ɓoye maka kuɗin, hamsin ce fa kawai. Da na zauna da biro, kara 15 sau hamsin 750 kenan a rana, 22,500 a wata, 273,750 a shekara. Ya fi buhu shida na yuriya a farashin da na saya bana, ni da nake zuwa cin bashin taki duk shekara.

Da na nuna wa ƙanina takardar yace Yaya ai wannan karatu ne guda a wajenmu, ba ita ta ƙirƙira ba. Wasu masana ne a Amurka, James Prochaska da Carlo DiClemente, tun wajen 1983 suka bi mashaya sigari suka ga ba dare ɗaya ake dainawa ba, hawa hawa ne. Akwai wanda ko tunanin dainawa baya yi, a wajensa daɗin ya rinjayi cutar nesa ba kusa ba, in ka masa magana ma faɗa zakuyi. Akwai mai tunani, yana cewa nan da wata shida, wannan sikelinsa kusan kunnen doki ne, kuma mutum yana iya shekaru a nan yana zan daina zan daina. Akwai mai shiri, ya sa rana cikin wata guda. Sai wanda ya daina bai kai wata shida ba, sai wanda ya wuce wata shida yana riƙon abin. Yace abin da suka lura shine ba daɗin sigarin ne yake fara raguwa a zuciyar mutum ba, illarta ce take fara yin nauyi, sai ta rinjaya tukunna mutum yake motsawa. Nace to kai da ka san duk wannan me yasa bara ka kawo min kwali ina matakin farko? Yace Yaya Inna ce ta aike ni. Ban da ta cewa.

Abin da ya rinjayar da nawa sikelin ba kansa bane, ba kuɗin ba ma. La'asar ce ta same mu a gona mu bakwai, wanda ya saba jan mu baya nan, ni ne babba kuma na fi su ɗan karatu, na yi alwala na matsa gaba, sai wani yaro cikin 'yan ƙwadagon da ni nake biya yace a hankali, Baba ko ka bari wane ya ja mu. Babu wanda ya faɗi dalili, babu kuma wanda yace a'a. Na koma sahu nayi sallar amma Allah ne kaɗai ya san abin da na karanta. Malamai wasu sun ce haramun wasu sun ce makaruhi, wannan nasu ne, ni abin da na sani yaron da na haifi kamarsa ya ji warin bakina ya ga ban dace da gaba ba. Daren nan na ɗauko takardar na cike gidan cuta da abubuwan yau ba na gobe ba: sahun sallah, minti da kanumfarin da nake cusawa kafin in shiga wajen Inna kamar ɓarawo, autata da take kau da kai in na ɗauke ta, hakin da nake in na hau kan mota da kwando, da wata magana ta tsakanina da uwargida da ba sai na faɗa ba, mazan da suka daɗe suna sha sun gane, kuma ƙanina ya tabbatar min sigari tana taɓa wajen dan duk harkar jijiyar jini ce.

Na koma Kano. Hajiya ta gane ni, tace yau kana ina, nace 8. Tace to yanzu muyi ciniki.

Shi cingam ɗin kala biyu ne, mai lamba 2 da mai lamba 4, wato yawan nikotin ɗin ciki. Ni 4 ta bani saboda ina kunna ta farko kafin minti 30 da tashi barci, tace wannan ne alamar jiki ya kamu sosai. Yadda ake amfani da shi kuwa shine inda nayi shirme a farko: ba tauna shi ake kamar cingam ba. Ka tauna a hankali sau kaɗan har ka ji wani ɗan yaji kamar masoro, sai ka tura shi tsakanin kunci da dasashi ka bar shi, kamar dai yadda tsofaffi suke ajiye garin taba, in yajin ya lafa ka ƙara taunawa kaɗan ka mayar, haka har kamar rabin awa sai ka jefar. Ta fatar baki maganin yake shiga jini, wanda ka haɗiye da yawu ciki yake tafiya shi ne mai kawo shaƙuwa da ƙwannafi. Kuma kar ka ci kar ka sha komai minti 15 kafin ka saka, musamman abu mai tsami. Wannan ya bani wahala dan ni mutum ne mai koko da safe, zoɓo da rana, kunun tsamiya in an samu, kuma na gwada na gani, in ka sha koko ka jefa shi nan take kamar roba kake tauna.

Ɗanɗanonsa ba daɗi, kar wanda ya yaudare ka da hoton ganyen na'a na'a a jikin kwali. Sati ɗaya muƙamuƙina yana ciwo. In ya kwana a aljihu cikin rana laushi yake yana manne wa ledarsa. Kuma baya da sauri, hayaƙin sigari cikin 'yan daƙiƙu yake kai wa ƙwaƙwalwa shi kuwa sai ya ɗauki mintuna yana hawa a hankali, dan haka in ka jira sai ƙawar ta taso maka sannan ka saka ka makara, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai na koyi saka shi da lokaci, ina sallame asuba ɗaya, kafin in fita gona ɗaya, kafin in shiga cikin dillalai ɗaya.

Amma yana aiki? Yana yi, a iya abin da aka yi shi dominsa. Na taɓa gwada dainawa haka siddan sau biyu a baya, kwana uku ban kai ba, kai na sarawa, hannu na rawa, kowa na gani kamar in rufe shi da duka. Da cingam ɗin wannan masifar ta ragu zuwa abin da mutum zai iya ɗauka, ƙawar tana zuwa amma ba ta kayar da kai, kuma in ka daure 'yan mintuna tana wucewa da kanta. Kwana ukun farko dai duk da haka sai da uwargida ta kwashe yara ta kai su wajen Inna da rana dan ko kaza ce ta gifta sai na mata tsawa. Hajiya bata yi min ƙarya ba tun farko, tace bincike ya nuna irin waɗannan magungunan suna ƙara damar dainawa da kamar rabi ne ko sama kaɗan, wato in mutum 10 cikin 100 zasu daina da ƙarfin kansu, da maganin sai su zama 15 ko 16. Ba laya bane.

Sai kuɗi, kuma anan ne zan rage masa maki sosai. Kwalin mai ƙwara 105 dubu 32 na saya, ƙwara ɗaya ta haura naira 300 kenan, kuɗin kara shida. Ina cin takwas a rana a farko, kaga maganin ya ninka cutar tsada sau uku. Kwali uku na saya ɗaya bayan ɗaya a wannan karon, na ukun ma sai da ya ƙara dubu huɗu wai dala, jimla dubu ɗari cif, sai da tunkiya ta tafi. Takardar ciki sati 12 tace, ni sati tara nayi dan aljihu, kuma Hajiya ta ja min kunne cewa tsumulmular maganin tana cikin abin da yake mayar da mutane. In ka lissafa kuɗin sigarina na wata huɗu da rabi ne, yanzu na fanshe har na fara cin riba, amma manomi nawa ne zai iya zaro dubu 32 lokaci guda? Guba ana sayar da ita kara kara a ƙofar gidanka, maganinta kuma sai sari sai ka shiga birni. Na roƙi yaran shagon su yanko min falle ɗaya ɗaya suka ce basa fasa kwali. Tun 2009 hukumar lafiya ta duniya ta saka wannan magani a jerin magungunan da ya kamata a samu a kowace ƙasa, amma da na tambayi mai kyamis ɗin garinmu minti ya miƙo min.

Wani abu da bazan manta ba, a sati na biyu barci ya ƙaurace min gabana yana ta faɗuwa, na ɗauka cingam ɗin ne. Ashe goro ne. Tunda na bar sigari na ninka goro da baƙin shayi dan in ɗebe kewa, Hajiya tace hayaƙin taba yana sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin da yake cikin goro da shayi da kofi, in ka daina sha sai ya dinga daɗewa a jiki, goro biyun da yanzu kamar huɗu ne. Na rage, barci ya dawo. Ci kuwa ba a magana, malmala uku nake tashi da ita, wanduna biyu sai da aka ƙara musu zariya.

Abin da cingam baya yi shine duk sauran abubuwan da na rubuta a gidan daɗi. Jiki yake wa magani, sabo kuwa turken wawa, hannu yana neman abin riƙewa, baki yana neman abin zuƙa, dare yana nan da tsawonsa. Nan takardar ta min rana, dan kowane layi sai da na nemo masa madadi. Hannu na bashi carbi da asuwaki. Gadi na koma tafiya da rake da 'yar rediyo. Fushi kuma in ya taso sai in zagaya gonar sau ɗaya. Majalisa ce na rasa yadda zanyi da ita, wata guda na ƙaurace wa mai shayinmu na koma wani a bakin titi, aka dinga cewa na zama ustazu. An ce wani bincike na 2012 ya nuna namiji ɗaya cikin goma ne yake taɓa taba a Najeriya, to a teburin nan namu sai dai ace ɗaya cikin goma ne baya taɓawa. Har yau akwai mutum biyu da gaisuwa kawai ke haɗa mu, kuma yana min ciwo, bazan ɓoye ba.

Kara ɗaya da rabin nan a kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan na sha su, sati na huɗu. Tumatir ya cika kasuwa ranar, kwandon da na sa wa rai aka taya shi kuɗin da ko na mota da na tsinka bai fitar ba, cingam kuma na manta shi a gida. Wani direba yana busawa kusa da ni, ban san sanda nace bani ɗaya ba. Na shanye, na karɓi ta biyu, a rabi jiri ya ɗebe ni na taka ta. Da ni na da ne sai ince shikenan tunda an karya a ci gaba, amma dama an faɗa min zamewa ba faɗuwa bane, mafi yawan waɗanda suka daina sai da suka yi ta gwadawa. Washegari na koma kan lissafina. Azumi ya same ni a sati na bakwai, ya kuma taimaka, tunda cingam ba a saka shi da rana, ya koma ɗaya bayan buɗa baki ɗaya kafin sahur, daga nan na zare. Abin dariya shekara 22 ina wuni sur ba sigari kwana 30 duk azumi amma ban taɓa lissafa hakan a matsayin zan iya ba sai da Hajiya ta tuna min.

Jiki magayi. Tarin ma ƙaruwa yayi a satin farko farko, majina baƙa baƙa, sannan ya lafa. Yanzu ina ɗora kwando ba tare da na tsuguna haki ba. Abin da ya fi bani mamaki hanci ne, ranar da naji ƙamshin ƙasa da ruwa ya shiga fangali sai da na tsaya, na manta akwai shi. Daddawa ma ashe haka take da ƙarfi. An ce in mutum ya cika shekara haɗarin ciwon zuciyarsa yana komawa kamar rabin na mai sha, Allah ya nuna mana.

Shagon kansa in zan ba shi maki, ranar da Hajiya take nan 9 ne, ranar da bata nan 4. Zuwana na uku yaran na tarar, wani ya sayi kwali a gabana suka miƙa masa suka karɓi kuɗi ko uffan, ni na bi shi waje na koya masa taunar. Takardar ciki da turanci ce, rubutu kamar ƙwan sauro. Ga layi, ga nisa, kuɗin mota ma abin lissafi ne. Ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa kafin ka biya. Mai ciwon zuciya, mai olsa, mace mai ciki ko mai shayarwa su ga likita tukunna. Kuma a ɓoye shi daga yara dan Allah, kamar alawa yake, na taɓa tarar da autata da falle a hannu tana ƙoƙarin ɓarewa da haƙori, ranar gwiwata sai da tayi sanyi, tun daga nan ban ƙara shiga da shi cikin gida ba.

Satin da ya wuce wannan yayan abokin nawa, wanda ya fara miƙo min, ya tare ni yace an ce kana da ragowar maganin nan bani in gwada. Ya tsufa yanzu, in yana magana ƙirjinsa kamar ana busa sarewa. Nace Yaya daga 1 zuwa 10 kana ina? Yayi dariya yace sifili, matata ce ta dame ni. Ban ba shi ba, takarda na yago masa na ja layi biyu, ya karɓa ya naɗe ya saka a hula, ko zai cike ko zai kunna wuta da ita oho.

Ragowar ƙwara shida suna cikin gwangwanin da nake ajiye fulogin inji, ranarsu sai baɗi zata cika, kuma watan Nuwamba za a fara kwanan gona.